Jaririn da Za Ki Ɗauko a Maraɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ruƙayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki Abdurrahman. Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, Ya tsare ku a hanyar Jidda, Ya tsare ku a sama, Ya sauke ku ƙasar Nijar lafiya, Ya kai ku Maraɗi ba tare da kun ga abin ƙi ba.

Jiya kin zo sallama. Kin zuba mini shayi, kin share mini ɗaki, kin yi mini faɗa a kan maganin sukarin da kika tsinta a aljihun jallabiyata. Sau uku ina shirin magana ina haɗiyewa, har kika ja abayarki kika tafi. Shi ya sa yau ban buɗe warsha ba, shagon nan nawa na kafinta, na zauna na rubuta. Na san Larabci ya fi miki sauƙi, ke da in an yi miki magana da Hausa sai ki mayar da Larabci kina dariya. Amma da Larabci nake ciniki, da shi nake gaya wa mutane ƙofarsu za ta fito ranar Alhamis alhali ko katakon ban yanka ba. Wannan magana sai da Hausa. Ki bi ta a hankali, ke kaɗai, kafin ki nuna wa mijinki.

Jaririn da za ku je ku ɗauko, na ce miki maraya ne daga dangin mahaifiyarki. Ban yi ƙarya ba, amma ko rabin maganar ban faɗa ba. Ɗan Isiyaku ne. Isiyaku yayanki, wanda kika tashi kika gani a gidan nan, wanda ya bar mu kina shekara goma sha biyu. Ya rasu a Maraɗi dab da azumin da ya wuce, bayan ciwon ƙirji na 'yan watanni, ya bar matarsa Zuwaira da wannan yaro. Ki yi kukanki, ki yi masa addu'a, sannan ki dawo ki ci gaba da karatu, don abin da ya rage ya fi wannan nauyi. Tsorona ɗaya ne, kada ku yi wa ɗan abin da na yi wa uban.

Kin yi dariya da kika ji wai ana kiran jariri Abuya, wato Babana da Larabci. Sunana aka sa masa. Isiyaku bai taɓa faɗin sunana ba ko sau ɗaya a rayuwarsa, sai ya riƙa kiran ɗansa da abin da yake kirana, mutanen unguwarsu kuma suka ɗauka. Ranar da na ji haka ban iya cin abinci ba.

Shekara takwas muka yi da mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, ko ɓari babu. Ke ma shekararki goma a cikin irin wannan zama, ba sai na kwatanta miki yadda mata ke duban ciki kafin su dubi fuska ba. A shekarun fari da yunwa ne labari ya zo cewa abinci ya yanke a ƙauyensu, arewa da Maraɗi. Na ce mu je mu ɗauko yaro, mu rage musu nauyi, mu ma mu samu mai motsi a gida. Na isa can da farar jallabiya da agogo da akwatin dabino da zamzam. Mutane na taɓa rigata suna shafa fuska, wai na fito daga cikin maƙwabtan Manzon Allah. Ni kafinta ne, Ruƙayya, mai ƙurar katako a hanci, amma da aka miƙo mini girman sai na karɓa na zauna a kai daram.

Mamman, ɗan kawun mahaifiyarki, yana da 'ya'ya biyar. Aka jera mini su a tsakar gida. Ƙaraminsu ɗan goye ne, sai Isiyaku mai shekara uku, siririn yaro mai manyan idanu. Kakarsu, wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya, ta ce mini: "Alhaji, in riƙon har abada za ku yi, wanda ke shan nono ake ɗauka. Ba an ce ƙanwar matarka tana goyo a can ba? Ta shayar da shi, ya zama ɗan gida." Na ce wa zai yi fama da jariri a jirgi, ni mai ƙafa nake so, wanda aka yaye. Na taɓa kafaɗarsa, na duba idanunsa, na zaɓa kamar ina zaɓen ragon layya. Ni da na tashi a gindin malaman Harami, tsohuwar ƙauye ta fi ni sanin abin da zai faru a gidana bayan shekara goma sha huɗu.

To ke kin yi sa'a, yaron nan watansa bakwai, kuma ƙanwarki Safiya tana goyo. Ranar da kuka sauka da shi, kafin 'yan barka, kafin a kai shi Harami, ki kai wa Safiya ta shayar da shi. Sau biyar, kowane sai ya ƙoshi ya saki da kansa. A samu shaidu, a rubuta, a ajiye. Daga nan ke innarsa ce ta nono, babu wanda zai zo wata rana ya ce ki rufe masa fuska. Kada ki ce ai akwai lokaci har ya cika shekara biyu, na san inda wannan magana take kai mutum. Kuma in Allah Ya ba ki 'ya mace daga baya, kamar yadda Ya ba mu ke, ki sani nonon Safiya bai haɗa su ba. Ki tambayi malamai tun suna ƙanana, su tashi da sanin matsayinsu.

Yadda na shigo da shi ƙasar nan kuwa, wata mata ce daga ƙauyen za ta zo hajji, aka rubuta shi a fasfonta a matsayin ɗanta. Ta yi hajjinta ta koma, yaro ya zauna. Na ce bayan Sallah zan gyara masa takarda. A lokacin abin bai tsananta ba, unguwarmu ta Ƙuba cike take da yara irinsa, ba mai tambaya. Shekara biyu da zuwansa sai ga cikinki. Da aka haife ki, kwana uku na yi ina sintiri a ofis har sai da sunanki ya shiga katin iyali. Haka na yi wa Safiya. Na Isiyaku kuwa kullum gobe. Gyarawa na nufin in tsaya a gaban jami'i in faɗi ta inda yaro ya shigo, ni kuma ina tsoron a taɓa mini jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa da ubana ya sha wahalar duniya kafin mu samu. Ban taɓa zuwa na tambaya ko da gaske za a taɓa ta ba. Tsoron kawai na riƙe, don ya fi mini sauƙi.

Ranar da kika fara makaranta shi ya riƙe miki jaka har bakin mota. Ya dawo ya same ni ina sa takalmi, ya ce: "Abuya, ni yaushe?" Na ce kai kanka na sana'a ne, zo mu tafi warsha. Ya yi murna, a ganinsa na fifita shi ne. Karatun masallaci kawai ya samu, don makarantar gwamnati sai da takarda. Hannunsa kuwa ya fi nawa a aikin katako, wannan ban taɓa gaya masa ba. Akwatin da kika tafi da shi gidan miji shi ya yi yana shekara goma sha shida, ni fenti kawai na sake masa.

Na ji abin da mijinki yake shiryawa. Kada ki tambayi wanda ya gaya mini, Madina ƙarama ce in dai maganar Hausawa ce. Wai za ki zauna a can wata biyar ko shida, a samo takardar haihuwa da sunanki da nasa, ku dawo ku ce a can kika haihu. Abdurrahman yaron kirki ne, ina son sa, amma yana da wayon nan na ma'aikatan ofis, masu ganin kowane gida yana da taga ta baya. Ki gaya masa ni na ce a'a. Addini ya hana a cire wa yaro sunan ubansa, wannan ya sani. Bayan haka, matan da suka gan ki jiya ba ciki suna nan da ransu, kuma ba za su mutu da maganar ba, 'ya'yansu za su gaya wa yaron a bakin masallaci. Yaro yana da uba, sunansa Isiyaku, kuma babu abin da ya rage wa Isiyaku a duniya sai wannan suna a bayan na ɗansa.

Ku yi masa fasfo da sunansa da na ubansa, ku nemi biza ta ƙofar gaba. Ban san ko za a ba ku ba, ban san tsawon lokacin da za ta ci ba. In an hana ku sake nema. In kun ga shekara biyunsa na matsowa takarda ba ta fito ba, Safiya ta bi ku can da goyonta, ni zan je in roƙi mijinta. Amma kada yaron nan ya taka ƙasar nan sai da takardar da zai iya nuna wa kowa da rana tsaka.

Ba mu taɓa gaya wa Isiyaku asalinsa ba. Ya manta ƙauye, ya manta Hausar can, ya tashi yana cewa Ummi da Abuya kamar ku. Mahaifiyarki ta sha cewa mu gaya masa, ina cewa sai ya yi hankali. Ya kai shekara goma sha bakwai, gemu ya fara tsiro, ke kuma kin fara girma. Wata rana bayan la'asar wani maƙwabci da ya san tushen maganar ya tare ni a ƙofar masallacin Ƙuba, a gaban mutane, ya ce: "Ya Haruna, ajnabi kake ajiye a cikin iyalinka. Ba jininka ba ne, bai kuma sha nono ba." A hukunci gaskiya ya faɗa. Amma hukunci bai ce in yi abin da na yi ba. Ina iya zama da yaron sati guda ina lallaba shi, ina iya gina masa ɗaki a saman gida. Kunya ce ta rufe ni, na dawo gida a fusace, na ce da mahaifiyarki daga yau ta rufe jikinta in ya shigo, ke ma haka, shi kuma ya koma kwana a warsha. Ta ce: "Malam, ni fa na yi jinyar kaciyarsa." Na ce na gama magana.

Ya dawo daga Sultana, unguwar da warsha take, kafin magariba da ledar burodi a hannu, ya turo ƙofa yadda ya saba, yana kiran Ummi. Ya same ta tsaye a bakin kicin ta lulluɓe har goshi, ta juya masa baya. Ya waiwaya ya duba bayansa, a zatonsa baƙo ne ya biyo shi. Babu kowa. Ya ce: "Ummi, wa ya zo?" Na ja shi ƙofar gida na gaya masa komai a tsaye, cikin abin da bai wuce minti biyar ba. Ya ce: "To ni ɗan wa ne?" Na faɗa masa sunan Mamman da sunan ƙauyen. Ya miƙo mini burodin, ya juya. Kina ɗaki ranar, na san kin ji kukan mahaifiyarki, amma ba ki ga fuskarsa ba. Ni na gani, kuma har yau tana ba ni tsoro.

Saboda haka yaron nan ya san ko shi wane ne tun yana koyon magana. Ki nuna masa hoton ubansa, ki ce wannan ne ya haife ka, kafinta ne wanda babu kamarsa a Sultana. Ki faɗa masa sunan uwarsa da sunan garinsu, ya riƙa jin su kullum kamar yadda yake jin sunan ruwa da shinkafa, har su daina ba kowa mamaki. Kuma ki koya masa Hausa ta sosai, ba irin taki mai ɗingishi ba. In ba za ki iya ba ki nemi wadda za ta iya. Ba ki san inda ƙafarsa za ta kai shi ba.

Wata goma ya yi yana kwana a warsha. Ranar Juma'a yakan zo cin abinci, ni da shi a ɗakin baƙi, mahaifiyarki ta ajiye tire a bakin ƙofa ta koma. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, da ma ya yi da na samu abin riƙewa. Wata safiya na aike shi sayo ƙusa, masu duba iƙama, takardar izinin zama, suka tare titi, bai dawo ba.

Na gaya muku ya yi fushi ne ya bi alhazai ya tafi neman iyayensa. Kin shekara goma sha biyar kina jin haushinsa a kan ya tafi ko sallama bai yi miki ba. Ƙarya na yi muku. Kwana biyu da ɓatansa wayar warsha ta yi ƙara. Wani jami'i ne, mai ladabi, ya ce akwai saurayi a hannunsu da ya ce shi ɗana ne, shi ya ba da wannan lamba. Ya ce: "Yana cikin katin iyalinka?" Na ce a'a. Ya ce: "To mene ne shi a wurinka? In kana da magana a kansa ka zo mu ji." Ruƙayya, babu wanda ya tsare ni da bindiga. Mutumin nan hanya ma yake ba ni. Na tuna jinsiyya, na tuna warsha, na tuna ke da Safiya, na ce: "Yaro ne da ke zuwa neman aikin yini. Ban san iyayensa ba." Ya yi godiya ya ajiye. Na koma na ƙarasa goge ƙofar da nake gogewa. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, cewa na ƙarasa ƙofar, kuma ta yi kyau.

Aka kai shi Tarhil a Jidda, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, daga can aka sa shi a jirgi. Ya sauka a ƙasar da bai san kowa ba, da sunan mutum ɗaya da sunan ƙauye ɗaya a bakinsa. Ya isa ya tarar Mamman ya rasu. 'Yan'uwansa ba su san shi ba, Hausarsa na ba su dariya, suka sa masa Balarabe. A nan ɗan Afirka ne marar takarda, a can Balarabe. Ya koma cikin garin Maraɗi ya kama aikin kafinta, don shi kaɗai na ba shi.

Bayan shekara huɗu wani alhaji ya kawo mini kaset. Na shiga mota na tsaya a gefen gonakin dabino na saurara. Da Larabci ya yi magana. Ya gaishe da Ummi, ya gaishe da Safiya, ya ce a tambaye ki ko har yanzu kina hawa kujera in kin ga ƙadangare. Sannan ya ce: "Abuya, na ba su lambar warsha, na jira kwana goma sha tara. Na san ba su kira ka ba. Da sun kira da ka zo." Ban mayar masa da amsa ba. Me zan ce? In na ce ba su kira ba na ƙara ƙarya, in na ce sun kira na kashe shi. Na zaɓi shiru, kuma shirun ma don kaina na yi, ba don shi ba. Duk shekara alhazan Maraɗi na kawo mini labarinsa, na ji ya buɗe shago, na ji ya yi aure, ina karɓar labarin ina haɗiyewa.

Ban ba mahaifiyarki kaset ɗin ba, don in ta ji za ta gane. Ta rasu tana zaton ita ya guda, saboda mayafin da ta ja a gabansa. A ciwonta na ƙarshe ta kama hannuna ta ce: "Malam, da ban juya masa baya ba ranar nan." Na ce mata ƙaddara ce. Na bar ta ta tafi da laifina a kanta. Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, naki ne duk ranar da kike so.

Ranar da za a tambaye ki mene ne yaron nan a wurinki tana nan zuwa. Ko a asibiti, ko a makaranta, ko ranar da ya yi laifin da za ki ji kunya, ko ranar da Allah Ya ba ki naki na cikinki kika ga zuciyarki ta karkata. Za ta karkata, kada ki yi mini musu, na ga tawa. Ki shirya amsarki tun kina nan. In ba za ki iya cewa nawa ne, ni na kawo shi, duk abin da za a yi masa a fara ta kaina ba, to ki kwance kayanki ki zauna, babu wanda zai ce kin yi laifi.

Akwai wadda nake ta kewayewa tun farkon takardar nan ban ambata ba, uwar Isiyaku. Sunanta Rabi. Mazan gida suka zauna da ni a zaure, aka gama magana, aka shafa fatiha, sannan aka aika a kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Mamman ya ce: "Alhaji zai tafi da Isiyaku Madina." Ta ce: "To." Wani dattijo ya ce: "Ba ki gode ba?" Ta ce: "Na gode." Wannan ita ce yardar da na ƙunso na taho da ita, na shekara talatin ina gaya wa kaina uwarsa ce ta ba ni shi. Ranar tafiya ba ta fito ba, aka ce kunya ce irin ta mata. Mahaifiyarki ta zaga ta same ta a bayan rumbu, ta cusa bakin zaninta a baki don kada a ji sautinta. Ta dawo ta ce mini: "Malam, mu bar yaron nan." Na ce mota na jira. Rabi ba ta sake ganinsa ba, ta rasu shekara biyu kafin a mayar da shi.

Da azumin nan kawun Zuwaira, Malam Sule, ya zo umara. Ya neme ni har Sultana da labarin rasuwa da hoton jariri. Kafin ya gama shan shayi na ce a ba 'yata, ba ta da ɗa. Ya ce: "Ai wannan alheri ne, Alhaji. Wa zai hana ɗa zuwa Madina?" Bayan Sallah ya bugo waya ya ce Zuwaira ta yarda. Ban ji muryarta ba, ban kuma nemi a ba ni ita ba. Na ruga na gaya miki, na ga yadda fuskarki ta yi haske, na ji daɗi. Sai jiya, kina ninke kayan jarirai kina nuna mini ɗaya bayan ɗaya, na gane tsufa kawai na yi, ban koyi komai ba. Zuwaira yarinya ce da mijinta ya mutu wata biyar da suka wuce, ɗanta ɗaya a duniya, kuma yana kan nono. Ni ban tambayi ko shekarunta nawa ba.

In kun isa, ki bar Abdurrahman da maza a waje. Ki bar tsaraba a masauki, kada ki shiga da ko ƙwayar dabino, don wanda ya karɓi kyautar Madina ba ya iya buɗe baki ya ƙi. Ki sa tufafin da kike shara da su a gida. Ki shiga ɗakinta ke kaɗai, ki yi mata ta'aziyya a matsayin ƙanwar mijinta, ki yini, ki koma, ki sake dawowa. Kada ki tayar da maganar yaro a ranar farko. In lokaci ya yi ki gaya mata duk abin da ke cikin takardar nan, har da wayar warsha, don ta san irin gidan da ke neman ɗanta. Ki gaya mata in ta riƙe abinta ba za ta rasa komai ba, cinsa da suturarsa da karatunsa suna wuyanmu daga nan, kuma ke da kanki za ki tare mata faɗan kawunta.

Sannan ki tambaye ta, ki dubi fuskarta. In ta yi shiru, a'a ce. In ta ce to tana kallon ƙasa, a'a ce. In ta ce yadda manya suka gani, a'a ce. Sai in ta dube ki ido da ido ta faɗi dalilinta da bakinta, ta sake faɗa bayan kwana bakwai, sannan ki fara maganar fasfo.

Na san abin da nake nema a wurinki. Na san gadon jaririn da kika saya, na san matan da za su zo tarbarki su dubi hannunki. Ni na sa miki rai bayan kin fara haƙura, wannan ma yana cikin abin da zan amsa a gaban Allah. Ina jin tausayinki har cikin ƙashina. Amma ke za ki dawo ki samu miji da ƙanwa da gida. Ita in kin fito da yaron nan, ɗaki kawai za ki bar mata.

In ta hana, kada ki kira ni a waya don ki ji shawarata. Ina son in ga yaron nan kafin in mutu fiye da yadda nake son komai a duniya. Ina so in ɗora shi a cinyata in ji kamar an yafe mini. Na san kaina, Ruƙayya. In na ji muryarki zan ce ki ƙara roƙonta, zan ce a sa kawunta ya yi mata magana, kuma zan faɗa da muryar da ba ki taɓa iya ƙi ba. Ki bi takardar nan, kada ki bi ni.

Allah Ya jiƙan Isiyaku da uwar da ta haife shi da uwar da ta rene shi. Allah Ya raya ɗansa a inda ya fi masa alheri. Ya tsare ku daga sharrin hanya da ciwon baƙunta, Ya kare ku a tafiya da zama. Ya dawo mini da ke Madina lafiya, da yaro ko ba yaro, ko za ki sake shigowa gidan nan ko ba za ki shigo ba.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Haruna